KIƊAN DA YA ƘI TSAYAWA

Shafi na 19

To, masu zagina a akwatin saƙo, ku saurara haka nan. Wata har cewa ta yi idan ban sako yau ba, za ta biyo ni gida. Ki zo mana baiwar Allah, akwai wanke-wanke yana jiran ki. Wanda kuma yau ya fara shigowa, ga inda muka kwana, kada ya dame ni da tambaya a ƙasa.

Ni ce Auta. Yayana shi ne DJ ɗin nan da ake kira Tsawa, wanda idan aka manna hotonsa a bango tikiti ke ƙarewa kafin gam ya bushe. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne kunnuwan Yaya sun mutu. Shekara da shekaru yana tsaye a gindin lasifika, na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi bayansa. Yanzu bakin mutum yake kallo ya gane magana. DJ da ba ya ji kuwa ba zai iya haɗa waƙa da waƙa ba.

Shi ya sa muka ɓullo da dabara. Tun a gida nake haɗa kiɗan daga farko har ƙarshe, har da muryarsa da ihunsa, in zuba a kwamfuta. Ranar wasa ina ƙarƙashin dandamali, kwamfutar tana cikin akwatin ƙarfe a gabana, ni ke kunnawa, ni ke kashewa. Shi kuma yana sama yana murɗa maɓallan injin da ba a jona da komai ba sai wutar da ke sa fitilunsa ƙyalli. Makirfon ma hoto ne.

Daga ni, sai Baba Injiniya mai kula da sauti, sai mijina Dogo, shugaban masu tsaronmu. Mu kaɗai muka sani. Kun kuma tuna a shafin baya Yaya ya ɗauke Dogo da mari a gaban yaransa, don kawai wani mai ɗaukar hoto ya leƙo bayan dandamali.

Yau ranar babban wasa ce.

*

La'asar ce a waje, amma cikin tsohon siton da ake wasan duhu ne dunɗum, an toshe tagogi da baƙin ƙyalle. Ƙaramin DJ mai buɗe fili yana sama yana ɗumama jama'a da kiɗa mai sanyi. Ina durƙushe ina gwada waya, sai ga takalmin Dogo a gabana.

"Auta, fito."

Tun da aka mare shi bai yi min doguwar magana ba, abinci ma a tsaye yake ci. Na fito ina karkaɗe gwiwa.

"Maigida, yau an tuna da ni ke nan?"

Ko murmushi bai yi ba.

"Ki ce wa Yaya kada ya hau yau."

"Kai, lafiyarka kuwa? Ka leƙa ka ga mutanen da ke ciki?"

"Na gani. Kunama ma yana ciki, shi da yaransa."

Kunama tsohon yaron Yaya ne. A hannun Yaya ya koyi riƙe inji, a gidanmu ya ci ya sha, da ya ga gashin baki ya fito masa sai ya ɓalle ya buɗe nasa. Tun daga nan duk inda aka zauna sai ya ce Tsawa ya tsufa.

Na ce, "To sai me? Tikiti ya saya, ya zo ya koyi aiki."

"Ba kallo ya kawo shi ba."

"Kai ta ina ka sani?"

Ya kau da kai. "Aikina ne in sani."

Kafin in sake magana sai ga Yaya, ƙafa ba takalmi kamar kullum. Masoyansa sun ɗauka gayu ne, har wasu suna kwaikwayonsa. Ba su san da tafin ƙafa yake jin dukan kiɗa ba.

"Me mai gadi yake cewa?" Ya faɗa da ƙarfi, don ba ya jin muryar kansa.

Dogo ya matso gabansa yadda zai ga bakinsa, ya yi maganar a hankali.

"Yaya, don Allah kada ka hau. A ce ba ka da lafiya."

"Ni? Ni Tsawa in gudu saboda Kunama? Yaron da ni na koya masa sa wando?"

"Yaya, ka saurare ni..."

"In saurare ka da me?" Ya ja kunnensa ya yi wata dariya mara daɗi. "Je ka tsare ƙofa, abin da ake ajiye ka dominsa ke nan. Auta, na gaya miki tun farko, tsawo kawai kika aura."

Raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci. Amma Yaya shi ya riƙe ni tun rasuwar iyayenmu, ban taɓa iya ɗaga masa murya ba. Na kalli Dogo ina ba shi haƙuri da ido.

Dogo ya haɗiye abin da ya haɗiye. Ya riƙo hannuna.

"Ko me kika ji, kada ki fito daga ƙarƙashin nan. Kin ji ni?"

"Me zan ji?"

Ya sake ni ya wuce.

*

Ku da ba ku taɓa shiga irin wannan wasa ba, bari in gaya muku, ba da kunne ake jin sa ba. A ƙirji yake dukan ka. Ya sauka cikinka, ya girgiza hanjinka, ka ji haƙoranka suna gaisawa da juna. Hayaƙi ya turnuƙe, layukan haske ja da kore suna yanka shi, fuskar mutum ta bayyana ta ɓace, ta bayyana ta ɓace. Gumin jama'a ya hau rufin kwano ya dawo yana ɗiga a kansu, ba wanda ya damu. Mai gyaran mota, ma'aikaciyar banki, ɗan masu kuɗi da ɗan masu babu, duk an zama abu ɗaya ana sama ana ƙasa.

Ni na haɗa kiɗan nan a ɗakina, ina yi ina leƙa tukunya a kicin. Na san kowace gaɓa tasa kamar yadda na san hanyar banɗakinmu. Duk da haka da na danna maɓalli, sito ya ɗauki ihu, "Tsawa! Tsawa! Tsawa!" sai da tsigar jikina ta tashi. Ina son abin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Ta yagewar ƙyallen da ya rufe ƙasan dandamali nake leƙen fili. Can tsakiyar jama'a na hango Baba Injiniya a teburin sautinsa. Ya gama saitawa, ya kifa murfi, ya sulale waje shan shayi. Haka yake yi duk lokacin da Yaya ya hau. Ya sha ce min, "'Yata, kiɗan da ba ya canzawa, zaman me zan yi masa? Gadin gawa?"

Akwai wani wuri a tsakiyar wasan Yaya da muke kira saki. Shi mutane ke biyan kuɗi su zo gani. Kiɗa zai yi ƙasa, muryar Yaya ta ce kowa ya durƙusa. Dubban mutane su tsuguna. Ganga ta fara hawa, tana ƙara sauri, tana ƙara sauri, har numfashi ya tsaya. Sannan a sake ta gaba ɗaya. Kowa ya yi tsalle, na baya su danno na gaba, duk nauyin siton ya faɗo kan shingen ƙarfen da ke gaban dandamali. Shi ya sa idan lokacin ya matso, yaran Dogo ke jeruwa su kafa kafaɗa a jikin shingen. Ko uwar mutum aka zaga a lokacin, ba ya barin wurinsa.

Sun fara jeruwa ke nan na ga Kunama.

Yana ratso jama'a, yaransa suna buɗa masa hanya da gwiwar hannu. Wata yarinya ta ƙi matsawa, ɗaya ya kama gashinta ya wurgar. Suka iso bakin shinge daidai inda matakalar dandamali take, suka tarar da Dogo tsaye.

Ba na jin abin da suke faɗa, idona kawai ke aiki. Kunama ya kafa baki a kunnen Dogo yana magana yana dariya, yana nuna sama. Dogo ya girgiza kai. Kunama ya sake magana. Dogo ya sake girgiza kai. Sai Kunama ya ɗaga hannu ya shafa kumatun Dogo, daidai inda Yaya ya mare shi.

Dogo ya sa tafi a ƙirjinsa ya tura.

Tas!

Kwalba ta tarwatse a kan mijina.

Bai faɗi ba. Ya kama wuyan rigar wanda ya buge shi, ya gwara fuskarsa da ƙarfen shinge, na ga haƙori ya yi tsalle. Wani ya ɗare bayansa. Wani ya kama hannunsa. Suka taru suka jawo shi ta saman shingen zuwa ɓangaren jama'a, ƙarfen ya ɓalle daga mahaɗinsa ya biyo su, ya faɗo a kan ƙafarsa.

Sai duka. Ƙafa, gwiwa, bel, duk abin da hannu ya samu.

Innalillahi!

Dokar Yaya ce, ko fitsari za ki je, ki rufe akwatin kwamfuta ki kulle, kada wani ya gani. Na yi ta yi har hannuna ya haddace. Ga maɓallin kashe kiɗa a ƙarƙashin yatsana, wallahi ko tunaninsa bai zo min ba. Hannuna ya rufe murfi, ya datse kwaɗo, ya jefa mukulli a aljihu, ƙafata ta kwashe ni. Ban san na yi ba.

Na yage ƙyallen na fito, na bi ta gurbin shingen da ya faɗi. Tocila ce a hannuna, irin doguwar nan ta ƙarfe. Na farkon da na samu na sauke masa ita a ƙeya, ya durƙushe. Na biyu ya juyo ya kai min naushi a baki, na ji gishirin jini. Na kama hannunsa na gartsa masa cizo har sai da haƙorana suka haɗu da ƙashi.

"Ku sake shi! Matsiyata, ku sake shi!"

Wani ya finciko ni ta baya ya juyo da ni. Kunama ne, fuskarsa dab da tawa, yana warin taba.

"A'a, Auta! Ke ce a nan?" Ya yi ihu a kunnena. "To wa kika bar wa kiɗan?"

Na ture hannunsa.

"Me kake nufi?"

"Ke kina nan, kurma yana sama yana wasa da gwangwani, kiɗa kuma yana tafiya. Aljani kuka ɗauka aiki?"

"Uban wa ya gaya maka?"

"Bari in hau in zare wayar injinsa a gaban kowa, sai ki tambayi uban."

Na tofa masa jinin bakina a ido. Ya ɗauke ni da mari, na faɗi a kan Dogo.

Dogo yana kwance rigingine, ƙarfen shinge ya danne masa ƙafa daga gwiwa, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Jini ya rufe masa ido ɗaya.

"Ban ce kada ki fito ba?"

"Yi min shiru! Tashi!"

"Ƙafar ta maƙale."

Na kama ƙarfen na ja. Ko gezau. Mutane suna tsaye a kan ɗaya gefen, ba su ma san a kan me suke tsaye ba, suna ta rawarsu.

Sai kiɗa ya yi ƙasa.

Na san wannan gaɓar. Ni na yanka ta da hannuna.

Muryar Yaya ta cika sito daga lasifika, cike da nishaɗi.

"Jama'ata! Kowa ya yi ƙasa! Ƙasa! Ƙasa!"

Wayyo Allah na!

Dubban mutane suka fara tsugunawa, sahu bayan sahu har bangon baya. Idan aka saki kiɗan nan, duk za su danno gaba, kuma gurbin da shinge ya ɓalle nan ne kaɗai hanya. A nan kan mijina yake, a ƙasa.

Na laluba aljihu na ji mukulli. Na kalli ƙarƙashin dandamali. Yaran Kunama sun tare gurbin, suna ta kokawa da yaran Dogo biyu da suka saki shinge. Ko ɓera ba zai wuce ba.

Na miƙe tsaye ina ɗaga hannu.

"Ku kashe! Ku kashe kiɗan! Akwai mutum a ƙasa!"

Na kusa da ni suka gani, suka ɗauka. "A kashe! A kashe!" Amma na baya fa? Su dariya suke, suna tsugune suna jiran abin da suka biya.

Ganga ta fara hawa.

Da kowa ya tsuguna, sai ya zama mu kaɗai ne a tsaye, ni da masu faɗa. Shi ya sa Yaya ya gan mu. Yana cikin ɗaga hannu yana murmushin nan nasa, idonsa ya sauka a kaina, bakina jina-jina. Ya sauka a kan Dogo. Ya koma kan dubban da ke tsugune. Murmushin ya mutu.

Ya kai hannu ya ja maɓallan sauti ƙasa gaba ɗaya. Tsohon sabo ne, ya manta.

Kiɗa bai ko yi tari ba.

Akwai ƙaton allo a bayan dandamali da ke nuna hannuwansa. Kowa ya ga maɓallan sun sauka. Ya sake ja. Ya buga maɓallin tsayarwa da tafi. Ganga tana ta hawa abinta.

Ya fizgi makirfo yana ihu, jijiyar wuyansa ta tashi. Ba abin da ya fito. Ya kalli teburin Baba Injiniya, kujera ce kawai. Ya kalle ni. Na zaro mukullin na ɗaga, na wurga masa da duk ƙarfina. Ya bugi kafaɗar wani, ya faɗa cikin ƙafafu.

Ina ganin lokacin da Yaya ya gane. Tafin ƙafarsa yana gaya masa saura ƙiris.

Ya kalli Dogo. Mutumin da bai taɓa kiran sa da komai ba sai mai gadi.

Sai ya sa hannu biyu ya rungumo injin gaba ɗaya, ya fizge shi daga teburi, ya ɗaga shi sama da kansa. Ya tako har bakin dandamali, cikin farin haske, ya juya bayan injin ga jama'a. Ramukan waya duk a buɗe, babu ko ɗaya a ciki. 'Yar wayar wuta ce kawai ke reto, ita ma ta tsinke. Allon baya ya nuna komai ƙato-ƙato.

Daidai nan muryarsa ta fito daga lasifika tana dariya.

"Kun shirya? Na ce kun shirya?"

Bakinsa a rufe yake gam.

Ya maka injin da ƙasa. Ya tarwatse, maɓallai suka yi ta tsalle. Kiɗa yana ta tafiya.

Mutane suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, baki buɗe. Wani ya dafa kafaɗar wani yana nuna allo. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka.

Aka saki kiɗan.

Rufin kwano ya girgiza, wutar ado ta tashi ta gefe da gefe, takardu masu ƙyalli suka zubo daga sama. A duk tsawon aikinmu ban taɓa ganin irin wannan ba, sakin Tsawa ya sauka, ba wanda ya ɗaga ƙafa. Dubban mutane tsaye ƙiƙam suna kallon mutum ɗaya.

Na durƙusa na rungume kan Dogo ina kuka. Hawaye, majina, jini, duk a haɗe.

"Ɓarawo!" wani ya kurma daga baya.

"Mayaudari!"

"Kuɗinmu!"

Kwalbar farko ta fashe a gaban ƙafar Yaya. Ta biyu ta same shi a kafaɗa. Jama'a suka fara dannowa, wannan karon da fushi, kuma gurbinmu suka nufo.

Yaya ya gani. Ya taka fasassun kwalabe da ƙafarsa ba takalmi, ya nufi can ɗaya ƙarshen dandamalin, nesa da mu. Yana tafiya yana dukan ƙirji, yana yi musu gwalo, yana kiran su da hannu. Ba makirfo, amma na kusa sun ji shi, don ihu yake da iyakar ƙarfinsa.

"Ni ne! Ni na cuce ku! Kurma kuke yi wa rawa, sakarkaru! Ku zo nan! Nan!"

Suka bi shi. Taron ya karkata can kamar an karkata kwano. Takalma, kwalabe, gwangwanaye, har kujera wani ya wurga. Goshinsa ya fashe, ya share da hannu ya ci gaba da yi musu dariya.

Nauyi ya sauka daga kan ƙarfen da ya danne Dogo. Yaransa suka rugo.

"Anti, matsa! Ku kama nan! Ɗaga!"

Suka ɗaga, na ja shi ta hammata. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Na zauna a ƙasa na ɗora kansa a cinyata, na sa hannu ɗaya ta bayansa na tallafe shi.

"Ina ne? Ina ke ciwo?"

"Ƙafar ce kawai," ya ce yana haki. "Yaya fa?"

Na ɗaga kai.

Kunama ya hau dandamali. An ƙwace masa abin da ya zo yi, shi ya so ya tona, sai ga shi mai abu ya tona kansa, ba wanda ma ya kalli Kunama. Ya sunkuya ya ɗauki sandar makirfo, irin mai gindin ƙarfe mai nauyi. Yana tafiya a hankali ta bayan Yaya.

"Yaya! Bayanka! Yaya!"

Na yi ihu har muryata ta tsage. Yaran Dogo ma suka yi ta ihu. Har cikin masu jifa wasu suka daina suna nuna masa baya da hannu. Shi ya ɗauka zagi ne, ya ƙara buɗe musu ƙirji.

Kunama ya ɗaga sandar da hannu biyu, ya sauke a gefen kansa.

Yaya ya juya rabi, kamar zai tambayi wane ne. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Ya faɗi da fuska, hannu ɗaya yana reto a bakin dandamali.

Sai a lokacin Baba Injiniya ya iso teburinsa da gudu, kofi a hannu. Kiɗa ya ɗauke ɗif.

Shirun ya fi ƙarar ban tsoro. Kunnena yana ta ƙugi. Wata mace ta fasa kururuwa, "Ya kashe shi!" Taro ya watse, kowa yana neman ƙofa, Kunama ya yar da sandar ya diro ya bi cikinsu.

Na yunƙura zan tashi, Dogo ya riƙe min riga.

"Auta."

"Sake ni, Yaya ne, ba ya motsi!"

"Tsaya. Ki ji."

"Ka bari sai mun je asibiti!"

"Ni ne."

"Kai ne me?"

Idonsa ɗaya da ke buɗe yana zubar da hawaye.

"Ni na gaya wa Kunama."

Na ji kamar an sake mari na.

"Ƙarya kake. Dukan da ka sha ne."

"Ranar da ya mare ni. A gaban yarana, Auta. Na fita ban san inda nake tafiya ba, na tsinci kaina a shagonsa. Na gaya masa komai. Akwatin, kwamfutar, kunnen. Muka shirya yau in buɗe masa matakala."

"Dogo..."

"Da gari ya waye na je na roƙe shi ya bari. Ya ƙi. Shi ya sa na tare hanya. Wallahi na tare, kin gani da idonki."

"Asirin da na gaya maka a kan gadonmu?"

"Ki yafe min."

"Kalle shi!" Na kama haɓarsa na juya fuskarsa wajen dandamali. "Kalle shi! Saboda kai ya fasa injinsa! Saboda kai ya fasa sunansa! Kai ka sayar da shi, shi ya saye ka!"

Leɓɓansa sun yi fari, na ɗauka kunya ce.

Yaransa biyu suka dawo da gudu ɗauke da wani faifan katako da suka ɓalle daga teburi.

"Anti, ƙofa ta cushe, sai ta baya. Ɗaya-ɗaya za mu iya fitarwa. Wa za mu fara ɗauka?"

Suna kallon ogansu, sun riga sun sunkuya za su kama shi.

Zuciyata tafasa take. Ban ko kalle shi ba.

"Ku ɗauki yayana."

"Anti, Oga fa..."

"Ƙafa ce kawai, ba zai mutu ba. Na ce ku ɗauki yayana!"

Dogo ya ɗaga musu yatsa. "Ku yi abin da ta ce."

Suka ruga dandamali. Na ga sun mirgina Yaya kan katakon, sun ɗaga shi, sun ɓace ta ƙofar baya.

Yatsun Dogo suka saki rigata da kansu.

Na ce, "Ɗaga ni, bin su zan yi."

Bai ɗaga ba.

Na zaro hannuna daga ƙarƙashin bayansa don in ture shi. Hannun ya fito da ɗumi, ja wur har gwiwar hannu, yana ɗiga. Na kalli ƙasa. Ashe abin da nake zaune a ciki tun ɗazu ba ruwan kwalabe ba ne.

Na juya shi. Wuyan fasasshiyar kwalba ne a soke a ƙasan haƙarƙarinsa, ya shige har rabi.

"Dogo? Ka ce min ƙafa ce kawai! Dogo!"

Na juya wajen ƙofar baya ina ƙwala wa yaran kira.

Ƙarar tashin motar da suka sa Yaya kawai na ji.